Shuɗin Shafi na Arba'in

9 ga Afrilu

Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwoyin, ya hawan jinin, ya yara da jikoki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ma ƙugun ya fara saki, ina takawa da sanda daga gado zuwa falo.

Ki dubi kwanan watan da ke sama. Yau shekara goma sha ɗaya cif da ranar da kika sa aka sauke tsohon obin ɗinki na gasa kek a ƙofar gidana ba tare da kin tambaye ni ba. Ban manta ba. A lokacin takwararki tana shekara ta uku a jami'a, tana karatun haɗa magunguna. Ba a yi wata uku ba ta tattara littattafanta cikin kwali, ta ce ita kek za ta yi. Ni da aka tura har ƙasar waje na koyo kimiyyar rini, na riƙe ɗakin launi na masaƙa shekara ashirin da shida, aka wayi gari 'yata tana fasa ƙwai. Masaƙar ta mutu ina kallo, ta zama wurin jibge yadin da ke zuba tun wankin farko. Na ɗauka ko ba komai yarinyar za ta ɗaga mini kai. Na ce ke kika ɓata ta, kuma tun ranar ban ƙara rubuto miki ba. Kek ɗinta kuwa ko ɓarɓashi ban taɓa sawa a bakina ba.

A waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san tun da na faɗi aka yi mini aikin ƙugu a gidanta nake. Kujerar da suka ajiye mini tana fuskantar ƙofar kicin, don haka ko ina so ko ba na so, aikinta nake kallo daga safe har la'asar. Bikin Auta saura mako bakwai. Shi ne ya zo ya roƙi yayarsa wani abu: wai a lulluɓe kek ɗin bikin da yadi irin shuɗin zanen mahaifiyarsu, mai fararen ganyen auduga. Kin tuna zanen. Ni na zana shi da hannuna shekarar da muka yi aure, masaƙa ta buga shi sau ɗaya ba ta ƙara ba. Ta ɗaura shi har ya yi shara-shara. Da ta rasu na rabar da kayanta cikin mako guda ban san abin da nake yi ba, har da shi. Abin da ya rage ƙyalle ne ɗaya, bai wuce tafin hannu ba, yana manne a shafi na arba'in na littafin samfurina. Littafin nan ba mai taɓa shi, ko marigayiyar ba ta taɓa buɗe shi ba.

Da na ji wai akwai yadin da ake ci, dariya na yi har ƙugun ya amsa. Na ƙarar da ƙuruciyata ina yaƙi da rana da sabulu don kada launi ya gudu, yanzu ga masu yin yadi don a tauna. Amma na zuba ido. Akwai wata siririyar farar takarda da ake yi da sitaci, ana cinta. Sai ta jiƙa jelatin, wani gari mai daskarewa kamar danƙo, a ruwan sanyi ya kumbura, ta narkar da shi, ta zuba gilisarin mai sa laushi, ta shafa wa takardar ciki da baya a kan shimfiɗar roba. In ya sha iska ta barbaɗa masa sitacin masara ta ɗago shi. In an dace, sai ya kwanta a hannu kamar siliki. Ta saba yin ƙanana, na ɗaurin kwalliya. Wannan karon babba take so, mai launi da zane, kuma kullum sai ya yage ko ya karye a wurin tattara.

Ni kuwa daga kujerata ina ganin dalili. Tana barin jelatin ya tafasa in hankalinta ya tafi kan obin, kuma da cokali take auna gilisarin. Gilisarin ɗin nan mun yi ta zuba shi a kwaɓin bugu a masaƙa, na san halinsa kamar yadda na san halinki. Kwana tara na yi ina haɗiye maganar. A na goma na fuskanci bango na gaya masa cewa duk mai auna gilisarin da cokali asarar takarda kawai yake yi. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce bango ya ji, in bangon yana da sikeli ya taso ya kawo. Da na leƙa, sai na ga ta rataya rigar girki a kan sandata.

Jiya ta tambaye ni littafin. Na ce a'a. Ba ta ja ba, ta ce to, za ta yi da abin da ta tuna. Abin da ta tuna kuwa, Yaya, shuɗin bokiti ne.

Ban ce na yafe miki ba, sanar da ke kawai nake yi. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki

3 ga Mayu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya, ya jikin, ya mutanen gida? Wasiƙarki ta iso. Shafi biyu kika cika, kuma na ƙirga, sau shida kika kira ni Kan Dutse. Tun ina ɗan shekara bakwai kike jifana da sunan nan, na ga har yanzu hannunki bai gaji ba. Kin ce obin bai taɓa cire kowa daga makaranta ba. Na karanta.

Na fito da littafin. Ba don maganarki ba, don shuɗin bokitin ne, ban iya jure ganinsa ba. Na sa surukina ya je gidana ya ɗauko akwatin ƙarfen, na buɗe da kaina. Da na kai shafi na arba'in takwararki ta wanke hannu ta goge sau biyu kafin ta taɓa. Ta daɗe tana shafa ƙyallen da yatsa ɗaya, sannan ta sunkuya ta shinshina shi. Ba abin da yake yi sai warin tsohuwar takarda, amma ban gaya mata ba.

Yanzu kullum bayan karin kumallo ina kan doguwar kujera a kicin, sanye da rigar girki mai furanni. Na kafa doka: komai a kan sikeli, kuma kwanon jelatin a kan ruwan zafi za a ɗora, ba a kan wuta ba. Gwaji na farko da na auna da kaina ya yi laushi ƙwarai, na cika baki. Ta duba ta ce gilisarin ya yi yawa, kafin azahar zai yi gumi. Na tuna mata shekarun da na yi a wannan aiki. Kafin azahar ya yi gumi, ya manne wa shimfiɗar kamar danƙo. Ta ce nawa yadin ba a cikin kicin mai tururi yake kwana ba, kuma jelatin ɗinta na kifi ne, ya fi saurin saki in ya ji ɗumi. Sai ta jawo wani littafi daga saman firij. Yaya, na ga abin da ya ɗaure mini kai. Shekara goma sha ɗaya na gwaji, kowanne da kwanan wata, da nauyin kowane abu, da yanayin ranar, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, da abin da ya fito. Layukan ma irin nawa take ja. Na tambaye ta to me ya sa take auna gilisarin da cokali. Ta ce don ta ga kwana nawa zan iya yin shiru. Wai ita bakwai ta zata, na ba ta mamaki.

Launin ya ci mana mako guda. Kalar abinci shuɗinta yana da tsawa, na marigayiyar kuwa shuɗi ne mai nauyi, da ɗan ja a ƙarƙashinsa wanda ido ba ya gani sai an cire shi. Na riƙa ɗiga ja da bakin tsinke, sannan baƙi kaɗan. Na koya mata ba a gwada launi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ana kai gwajin bakin taga da hantsi, a ajiye shi gefen na asali, a dube su tare, a kau da kai, a sake dubawa. A gwaji na goma sha bakwai launin ya dace, muka dubi juna.

Ganyen audugar na yanka su da reza a jikin farar roba mai kauri, kamar yadda muke shirya allon bugu. Na lalata uku kafin ta huɗu ta fito. Amma da muka buga zanen a takarda muka shafa jelatin, sai buroshi ya ja shi ya dame. Nan ne tsohon ma'aikacin masaƙa ya yi rana. Ba a jan buroshi a kan bugu. Na ce ta shafa jelatin a kan shimfiɗar tukuna, mu kifa takardar a kai fuska ƙasa, sannan a shafa bayanta. Da muka ɗago bayan ya sha iska, ganyen nan suna zaune daram, kowane da jijiyarsa. Ta ɗora shi a damtsenta ya zubo, ya yi tattara irin ta yadin gaske. Ta ce wannan dabarar ba ta taɓa ganinta a ko'ina ba, ta rubuta a littafinta, ta sa "ta Baba" a gefe.

Wanda ya fi kowa cin riba shi ne surukina. Duk gwajin da ya lalace shi ke cinyewa in ya dawo aiki. Na lissafa ya ci abin da zai ɗinka masa riga da wando. Ya ce in aka ci gaba a haka tela zai nema, ba likita ba.

Abu ɗaya take ta nanata mini: yadin nan ba ya ajiyuwa. Kwana uku, in ya daɗe huɗu, balle yanzu da ruwa ya sauka. Don haka na bikin sai ana jibi za mu yi shi. Na ce mata wannan ba yadi ba ne, baƙo ne.

Ki sha maganinki a kan lokaci. Takwararki tana gaishe ki.

Ƙaninki, wanda kike kira Kan Dutse

31 ga Mayu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya gwiwoyin da suka hana ki zuwa? An yi biki lafiya an tashi lafiya, kowa yana tambayarki. Na san an turo miki hotuna, amma hoto ba ya faɗin gaskiyar shuɗi, bari in gaya miki da kaina.

Kek ɗin hawa uku ne, fari fat. Takwararki ta ɗauko yadin, guda shida da muka haɗa ba a ganin gaɓarsu, ta naɗa shi daga sama ya zagayo ya zubo gefe ɗaya, ta soke bakinsa kamar yadda uwarta ke soke zane in za ta shiga kicin. Ban koya mata wannan ba. Auta ya shigo ana ta hayaniya, ya tsaya a gabansa ya kasa gaba ya kasa baya. Sai da amaryarsa ta riƙe masa hannu. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta matso ta ce a cire ƙyallen kafin a yanka kada a ɓata shi, ita ta san mai shi. Da aka ce mata ci ake yi ta ce mu daina yi wa tsofaffi wasa.

Na ɗauka in aka sa masa wuƙa zan ji ciwo. Na ji, amma ba irin wanda na zata ba. Takwararki ta yanko ta kawo mini da kanta, da ganye ɗaya cikakke a kai. Ba ta ce in ci ba, ta ajiye ta tsaya. Na ci, Yaya. Yadin ba shi da wani ɗanɗano, narkewa kawai yake yi. Kek ɗin kuwa, na zauna ina lissafin abin da na hana kaina shekara goma sha ɗaya. Na nemi ƙari, surukina ya ce a rubuta ranar.

Abin da ya sa na rubuto shi ne in ce na gode. Kin ga abin da ke hannun yarinyar nan lokacin da ni takardar shaida kawai nake hange. Na so ta zama abin da zan nuna wa mutanen da suka rufe masaƙa, kamar sun damu. Obin ɗinki yana nan a lungun kicin, ƙofarsa da waya aka ɗaure ta, ta ƙi yarda a fitar da shi. Ki yafe mini shirun da na yi miki.

Akwai ɗan guntun da ya rage a kan teburin aiki. Na yanke shi daidai tafin hannu, na ajiye shi a shafi na arba'in fuska da fuska da na asali, na rubuta kwanan wata na sa hannu, kamar yadda nake yi wa duk samfurin da ya ci jarrabawa. Shi ne na farko da na sa wa hannu tun da aka rufe masaƙa. Na rufe littafin na mayar akwati. Likita ya ce nan da mako uku zan iya komawa gidana.

Ki gaishe da yara. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki

24 ga Yuni

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan alheri, ya jiki, ya ruwan sama a wajenku? Na ga amsarki. Kin ce kin yafe tun kafin in roƙa, amma za ki ajiye wasiƙar saboda ba kullum dutse ke magana ba. Ki ajiye.

Na koma gidana ranar Talata. Ranar Laraba da safe na buɗe akwatin don in sa littafin a mazauninsa. Tun kafin in ɗaga shi na ji wari, sannan na ga layin kiyashi yana fita ta gefen murfin.

Kin riga kin gane. Mako uku akwatin yana jingine da bangon da ke bayan kicin, ga ɗumin obin, ga laimar damina. Gilisarin yana jan ruwa daga iska, wannan shi ne aikinsa, saboda shi muke zuba shi. Na koya wa ma'aikata wannan fiye da sau ɗari. Yarinyar ta gaya mini kwana uku ne, har na yi mata ba'a a kai. Amma da na ga samfuri ya yi kyau, hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da shida, kaina bai ce uffan ba. Yadin ci ya narke ya shige cikin ƙyallen marigayiyar, shafi na arba'in da na arba'in da ɗaya suka zama abu guda. Fumfuna ta yi baƙi a kai, kiyashi da kyankyasai sun ci rabonsu, kuma ba su tsaya bambance wanda ake ci da wanda ba a ci ba.

Na kira takwararki. Ta bar kwaɓi a kwano ta zo da rigar girkinta. Na jira ta ce ai ta faɗa, don ni da ni ne sai na faɗa sau uku. Ba ta ce ba. Ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, muka jiƙa shafin a faranti, tana ɗaga takardar da bakin wuƙar da take gyara kek da ita, a hankali, ta fi awa ɗaya a tsugune. Takardar ta saki, amma zaren ya riga ya mutu. Da na sa yatsa ƙarƙashinsa sai ya rabu, ya bazu a ruwan zare-zare. Abu ɗaya na lura da shi, kuma ki bar ni in yi wannan alfaharin: kalar abincin ce kawai ta rina ruwan. Zaren da na tsamo na matse a farin ƙyalle bai bar komai ba. Shekara arba'in da biyu, shuɗina bai zuba ba.

Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da na rabar da kayanta. Yarinyar ta zauna kusa da ni har na gama. Daga baya ta ce robar da na yanka tana nan, gwaji na goma sha bakwai yana rubuce a littafinta da yawan ɗigon ja da baƙi, duk ranar da na so ganin zanen sai mu yi shi, mu kalla, mu cinye. Ta kuma ce akwai mai son yadi kore mai ratsin zinariya wata mai zuwa, ita kuma ba ta iya kore ba. Ƙarya take yi, na ga korenta a littafin, ba shi da aibu. Na ce zan zo Talata da Alhamis.

Ban san yadda zan gode wa Allah da Ya sa na faɗi a banɗaki ba, amma ina gode maSa. Ina kuma gode miki, ke da tsohon obin ɗinki. Da na ci gaba da riƙe littafin nan a rufe, da ƙyallen yana nan lafiya, ni kuma ina nan ban san 'yata ba. Na auna su a sikeli, na san wanda ya fi nauyi.

Ki gaishe da yara da jikoki, ki rage gishiri. In ƙugun ya yarda zan zo da kaina bayan damina, takwararki ta ce za ta haɗo ni da kek.

Kin tambaya ko akwai sauran zanen a wani wuri, ko wajen waɗanda na ba kayanta. Na bincika tun shekarun baya, babu. Ƙyallen nan daga bakin zanenta na yanke shi, ranar da na kawo mata shi gida. Shi ne na ƙarshe, kuma yanzu babu shi.

Ƙaninki,
Kan Dutse